Yadda Za Ka Kafa Gaurakan Tagulla a Jami'a Ba a Ce Kai Ne Ba

An gama ginin sabon ɗakin karatu, an shuka ciyawa, an kafa wurin jingine kekuna, sai wani ya tuna da ɗan kason nan da ake warewa don ado, wanda dole a kashe shi a kan wani abu da zai tsaya a tsakar fili mutane su riƙa wucewa ta gefensa. Aka duba hagu aka duba dama, aka ga kai ne ba ka zo taron ba, aka naɗa ka shugaban kwamitin. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan yadda na jera su, ni kuma na ba ka tabbaci: abin zai tsaya a filin, za a yi biki, za a sha gahawa, kuma har ka yi ritaya babu mahalukin da zai nuna ka da yatsa ya ce kai ka zaɓa, kai ka jinkirta, ko kai ka ɓata. Hanyar nan ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Misalin da zan riƙa kawo maka shi ne Östen Bylund, malamin tarihin dokokin haraji a jami'armu ta nan arewacin Suwidin. Mutumin kirki ne, irin wanda ko ƙafarsa ka taka shi zai riga ka ba da haƙuri. Na daɗe ina zaman kwamitoci, ban ga wanda ya iya wannan aiki kamarsa ba, kuma shi bai ma san ya iya ba.

Mataki na ɗaya: Ka faɗaɗa kwamitin

Kada ka kuskura ka zauna da mutum uku. Mutum uku suna iya yanke shawara kafin gahawa ta huce, kuma in abu ya lalace ba a shan wahalar gano mai laifi. Gayyato kowa da kowa: wakilin kowace tsangaya, wakiliyar kiyaye haɗurra, wakilin ƙungiyar ma'aikata, wakilin ɗalibai. In akwai wanda ya san aikin sassaƙa, shi ma ba laifi a kira shi, amma a zaunar da shi kusa da ƙofa.

Ban da ƙuri'a. Ƙuri'a tana barin wanda aka kayar, wanda aka kayar kuwa bakinsa ba ya mutuwa. Zama za a yi ta yi har sai kowa ya yarda ko ya gaji, su biyun iri ɗaya ake rubuta su.

Ka tabbata akwai burodin kirfa, sannan ka sa ido a kan na ƙarshe a faranti. Mutumin arziki ba ya ɗauka, sai dai ya raba shi biyu ya bar rabi, na kusa da shi ya sake raba rabin, har ya koma ɓurɓushi. Duk wanda ka ga ya miƙa hannu ya ɗauke shi ɗungurungum, ka san yadda za ka yi ka cire shi daga kwamitin, don irinsa na iya yanke hukunci.

Mataki na biyu: Ka yi zaɓen a watan Yuni

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin. Kwashi kwamitin ka kai su masaukin baƙi a bakin tafki, lokacin da rana ba ta son faɗuwa, kowa ya cire rigar sanyi ya manta a wace ƙasa yake zaune. A can za a duba samfuran da masu fasaha suka aiko babu suna.

Haka Östen ya yi. A cikin samfuran akwai wani ɗan ƙarami na garken gauraka suna tashi sama, ƙafafunsu na barin ruwa, ruwan na tsartuwa daga ƙarƙashin fikafikansu. Aka jona ɗan famfon da ya zo da shi, rana ta bugi feshin, kwamitin ya yi tsit. Gaskiya abin ya yi kyau, ni kaina shaida ne.

To, ka ga mutanen nan, kowannensu a nan aka haife shi. Kowa ya sha sarar ƙanƙara a ƙofar gidansa, kowa ya san ruwan waje daskarewa yake yi tun kaka har sai Mayu ya kusa ƙarewa, kowa kuma ya san wannan shi ne daidai lokacin da ɗalibai suke makaranta. Tunanin ya zo wa Östen. Har ya buɗe baki, sai ya ga fuskokin jama'a duk sun saki, wata ma tana share ido, ga shi an shigo da kek. Ya mayar da bakinsa ya rufe, ya ce a ransa ai wani zai faɗa. Kowa a teburin abin da ya ce a ransa ke nan.

Abin lura: gaskiyar da kowa ya sani ba ta buƙatar mai faɗa. Mai faɗarta ɓata wa mutane yini kawai yake yi.

Mataki na uku: Ka san mai aikin

Da aka bayyana sunan mai gaurakan, sai ga shi Ylva Granqvist ce, tsohuwar mai zubin tagulla, ƙawar yayarsa Birgit tun suna 'yan mata. Wani zai ce rashin sa'a. Ni kuwa na ce babbar sa'a, don ƙa'idarmu a bayyane take: wanda ya san mai aiki ba ya zama a inda ake maganarta, kada a ce da son kai. Daga ranar, duk lokacin da aka ambaci Ylva, Östen zai ɗauki kofinsa ya fita baranda ya ja ƙofar gilashi. Shi ne shugaba, amma ba a sake yanke komai a kan aikin yana ɗakin ba. In ba ka san mai aikin ba, ka bincika da kyau, ƙasar nan ba ta da yawan jama'a, da wuya a ce ba ku taɓa haɗa wani abu ba.

Wata Asabar yayarsa ta aike shi ya kai wa Ylva tukunyar da ta ara. Ya same ta a rumfar aikinta, ta kusa manna hanci a jikin wuyan wani gauraka na kakin zuma.

“Ƙanen Birgit, shigo. Kada ka taka min fiffike.”

“Ylva, ban zo maganar aiki ba, kin san ba ni da ikon…”

“Na sani, an ce kai ne mai gadin baranda. Zauna. Yaushe za a kafa su?”

Ya ce ana kan jin ta bakin jama'a. Ta ajiye wuƙar hannunta ta juyo, sai ya lura ba shi take kallo ba, gefen kunnensa take kallo.

“Tsakiyar idona ta tafi,” in ji ta. “Da gefe nake lallaɓawa, likita ya ce shi ma gefen ba zai daɗe ba. Duk abin da na zuba a rayuwata yana gidajen masu kuɗi, ƙura na hawa kansa. Wannan kaɗai nake so in gani a tsaye, ruwa na gudu, yara na wucewa da jakunkunansu ba su ma kula da shi ba. Sau ɗaya ya ishe ni. Za ka iya min wannan, ko shi ma sai an yi taro?”

Tausayi ya kama Östen har ya rasa inda zai ajiye tukunyar. Wannan matar ce ta koya masa tuƙa keke. Ya ce mata kafin kaka mai zuwa za ta gani, ya yi alkawari. Ta ce kada ya yayata maganar idon, ba ta son a ba ta aiki don tausayi.

Ka riƙe wannan jimla ta ƙarshe da hannu biyu. Irinta ce ke ba mutum barci mai daɗi shekara da shekaru.

Mataki na huɗu: Ka ji ta bakin kowa

Kowa fa, ba wasu ba. Kuma wanda aka ji ta bakinsa bara, a sake ji bana, wataƙila ya canza.

Farfesa Torgny na sashen nazarin dabbobi ya ce gauraka ba ya lanƙwasa ƙafa haka idan zai tashi, kuma shi ba zai iya wucewa kullum ta gaban ƙarya ba. Majvor, wakiliyar kiyaye haɗurra, ta auna bakin tsuntsun da ya fi kusa da ƙasa ta ce daidai idon yaro yake. Aka ce ai babu yara a jami'a. Ta ce malamai na da yara. Wakilin ɗalibai ya amince da komai, ya gama karatu ya tafi, sabon wakili ya zo ya ce shi ba a tuntuɓe shi ba, aka koma farko. Ana cikin haka Yuli ya shigo, ƙasa duka ta rufe ta tafi hutu bakin ruwa. Aka dawo, rabin mazan kwamitin suka shiga daji farautar kaka. Suka dawo, aka ce ai an kusa Kirsimeti, a bari a shiga sabuwar shekara. Kakar da aka yi alkawari ta wuce, wata ma ta bi bayanta.

Daga ƙarshe aka kira Ylva ta zo ta amsa tambayoyi. Östen ya ɗauki kofinsa ya fita, amma gilashin ba ya tare murya.

“Farfesa, ka taɓa tashi sama?”

“A'a, amma na yi shekara da shekaru ina…”

“To ni ma ban taɓa ba. Mun yi kunnen doki. Ke kuma Majvor, in na dakushe musu baki su koma agwagi, hankalinki zai kwanta?”

Majvor ta ce abin sha'awa ne, za a duba. Ylva ta miƙa hannu za ta ɗauki gahawarta, hannun ya wuce ta gefe, kofin ya kife a kan takardun Torgny. Kowa ya kau da kai cikin ladabi. Daga baya wani ya ce a hankali, masu fasaha dai an san su da ɗan kurɓawa. Östen yana tsaye a bayan gilashi, ya san dalili, kunya ta rufe shi har wuya. Ya je ya ɗebo takardar goge hannu, ya tsaya da ita a bakin ƙofa yana jiran a gama batun kafin ya shiga.

Mataki na biyar: In zuciyarka ta motsa, ka kai ta gaban kwamiti

Zuciya takan motsa, ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ka bar ta ta yi aiki ita kaɗai.

A taro na gaba, a ƙarƙashin “sauran batutuwa”, Östen ya yi gyaran murya. Ya ce yana da tambaya, amma ba game da kowa ba.

“A ce dai, misali, akwai wani dalili na ɗan Adam da zai sa a hanzarta wani aiki. Akwai hanya?”

Majvor ta ce, “Wane aiki?”

“Kowane aiki.”

“Wa ke da dalilin?”

“Babu kowa. Misali ne.”

Torgny ya ce tambaya ce mai muhimmanci ƙwarai, bai kamata a amsa ta a gurguje ba. Aka kafa ƙaramin kwamiti ya duba yadda za a riƙa hanzarta abubuwa, aka ba shi shekara ɗaya. Östen ya koma gida ranar yana jin ya yi jarumta. Ya gaya wa matarsa ya tayar da maganar, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Mataki na shida: Ka kafa shi a ƙarshen Oktoba

Komai yana da ƙarshe, har jin ta bakin jama'a. Aka ɗan ɗaga bakin tsuntsun ƙasa, aka bar ƙafafun yadda suke don Torgny ya yi ritaya. Aka zuba tagullar a can kudu gunduwa-gunduwa, babbar mota ta kawo su a ƙarshen Oktoba, da safe aka ɗaure su a kan dutsensu.

A nan ofishin kula da gine-gine zai taimake ka, ba sai ka roƙa ba. Ƙa'idarsu ita ce duk wani abu mai bututun ruwa a waje a rufe shi da akwatin katako kafin sanyi ya fasa shi. A shekarun gaba ma tun ƙarshen Agusta za su riƙa rufewa, don sababbin ɗalibai ba sa ganin ruwa mai tsartuwa su ƙyale shi ba su zuba masa sabulu ba. Ranar kuwa an yi hasashen ƙanƙara, don haka kafin azahar kafintoci sun gama buga ƙusa ta ƙarshe. Ita Ylva da yamma aka gayyace ta, bayan gahawa.

Ta sauko daga tasi da sanda, Östen ya riƙe mata gwiwar hannu ya kai ta tsakiyar filin. Ɗalibai na ta wucewa da jakunkunansu. Ta karkata kai ta duba da ɗan gefen idon da ya rage mata, ta daɗe tana dubawa.

“Ƙanen Birgit, wani ƙaton abu nake gani mai kusurwa huɗu. Ka ce min idona ne.”

Ya ce ba idonta ba ne. Ya yi mata bayanin bututu da sanyi da ƙa'ida, ya ce da zarar an shiga Yuni za a buɗe.

“Allo ɗaya,” in ji ta. “Ka ɓalle min allo ɗaya in leƙa. Ko ruwan babu, na yafe.”

Akwai guduma a bayan motarsa, motar kuma ga ta can yana hango ta. Ya dubi motar, ya dubi tagogin ofisoshi da ke kewaye da filin, kowace da mutum a bayanta. Ya ce akwatin ba na kwamitinsa ba ne, na ofishin gine-gine ne, amma zai tura musu buƙata a yau ɗin nan. Ya tura kuwa. Suka amsa cikin ladabi cewa za su ji ta bakin kwamitin, kwamitin ya sa batun a taronsa, da aka zo kansa Östen ya ɗauki kofinsa ya fita.

Duk lokacin sanyin nan akwatin ya yi farin jini. Ɗalibai suka lulluɓe shi da tallan kekuna da neman abokin haya, masoya suka mayar da shi mahaɗa. Da yawansu za su gama digiri su tafi ba su san akwai tsuntsu a ciki ba, kuma wannan riba ce a gare ka, don abin da ba a gani ba ba a kushe shi.

Mataki na bakwai: Ka yi bikin buɗewa bayan an tashi hutu

Tsakiyar Yuni ta fi. An gama jarrabawa, ɗakunan kwana sun zama wayam, babu ɗalibin da zai ɗaga kwali ko ya yi tambaya.

Aka jera kujeru da yawa, kwamitin ya zauna a layin gaba, sauran layukan iska ta zauna. Mataimakiyar shugaban jami'a ta karanta jawabi a kan yadda fasaha ke haɗa kan matasa. Aka cire allunan, aka murɗa famfo. Ruwa ya tashi daga ƙarƙashin fikafikan, rana ta buge shi, gaurakan suka zama kamar yanzun nan za su bar dutsen. Sun fi samfurin kyau nesa ba kusa ba. Majvor ta yi kuka a fili.

Ylva tana zaune kusa da Östen da baƙin tabarau. Gefen idon ya tafi tun wajen Fabrairu. Ya kama hannunta ya kai ta bakin dutsen, ta shafa ƙafar wani gauraka, ta bi ta da yatsu har gwiwa, feshi na jiƙa mata hannun riga. Can ta juyo da fuskarta wajen filin.

“Yaran fa? Suna nan da yawa?”

Östen ya dubi kujerun. Ya dubi wurin kekuna, babu ko ɗaya. A iya saninsa bai taɓa yanke wani abu shi kaɗai ba tun da aka ba shi kwamitin nan, sai ranar.

“Sun cika wurin,” in ji shi. “Har kan matakala.”

Ta kasa kunne. Ban da ƙarar ruwan, sai injin yankan ciyawa can bayan ɗakin karatu.

“Östen,” ta ce, “ido na rasa, ba kunne ba.”

Wanke hannu

Mai wannan jagora ba shi da alhakin komai da zai biyo bayan aiki da ita: fashewar bututu, toshewar famfo, rashin barci, ko 'yar'uwar da za ta daina gayyatarka cin abincin Lahadi. Ban ce za a ga aikin ba, ban ce mai aikin za ta gan shi ba, ban kuma ce za ka iya bi ta filin nan ba tare da ka canza hanya ba. Abin da na ɗauka kawai shi ne ba za a ce kai ne ba, kuma har yau babu wanda ya ce Östen ne. Ita kanta Ylva ba ta ce ba. Ta dai nemi ya kira mata tasi, ta ce ba sai ya raka ta ba.